Manjo da Fuskokinta: Nazarin Sauyin Halin Jaruma Ɗaya Daga 1989 Zuwa 2024

Asalin lamarin

Jarumar da wannan nazari ya bi sawunta ba ta da tabbataccen suna. A farkon littafin da ta fara fitowa a ciki, marubucin ya gabatar da ita da sunan Motoko Kusanagi, nan take kuma ya sanar da mai karatu cewa sunan na aro ne. Mutanen da ke aiki a ƙarƙashinta da muƙaminta suke kiran ta, wato Manjo, kuma da shi za a kira ta a nan.

Labarin shi ne Ghost in the Shell, wanda Japanawa suka sani da Kokaku Kidotai. Masamune Shirow ya fara fitar da shi a 1989 a wata mujallar kamfanin Kodansha, aka tattara shi a littafi guda a 1991. Manga ne, wato labarin da ake bayarwa da zane a takarda, kafin daga baya ya koma anime, wato zane mai motsi. An kafa shi a ƙasar Japan ta shekarar 2029, zamanin da ake haɗa ƙwaƙwalwar mutum da intanet kai tsaye, ake kuma musanya gaɓoɓin jiki da na inji. Manjo ce ke jagorantar mayaƙan Sashe na 9 a fagen aiki, wata ƙaramar rundunar tsaron cikin gida da dattijo Aramaki ke shugabanta. Jikinta ƙirar masana'anta ne in ban da ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya rage mata na mutuntaka shi ne abin da sunan labarin ke nuni da shi, wanda kalmar Hausa mafi kusa da shi ita ce kurwa.

Daga nan matsalar ta samo asali. Jarumin labari akan gane shi da fuskarsa, da sunansa, da tarihinsa, ita kuwa fuskarta ana iya sauya ta a ɗakin gyara, sunanta na aro ne, tarihinta kuma marubucin bai faɗa ba. Duk wanda ya ɗauki labarin domin ya mayar da shi fim sai ya yanke shawarar abin da zai riƙe har 'yan kallo su yarda cewa ita ce, kuma cikin shekara 35 an yanke wannan shawara sau da yawa ta hanyoyin da suka saɓa wa juna.

1989 zuwa 1991: mace mai raha

Wanda ya fara sanin Manjo ta hanyar fim yakan sha mamaki ranar da ya buɗe littafin. A hannun Shirow mace ce mai tsiwa da barkwanci, mai saurin hawa da saurin sauka, wadda idan abin dariya ya zo sai ya karkata mata fuska ko ya ƙanƙanta ta a zane. Tana yi wa Aramaki laƙabin da ke kwatanta fuskarsa da ta biri. Da wani minista ya ɓata mata rai, sai ta kutsa ƙwaƙwalwarsa ta sa shi ya naushi fuskarsa da hannunsa. Tana fita shaƙatawa da abokan aiki, tana da saurayi, tana da ƙawaye, kuma tana yawo da Fuchikoma, wasu ƙananan tankokin yaƙi masu ƙafafu kamar gizo-gizo da surutu kamar yara.

Duk da haka tambayar da ta zama tambarinta tana nan a littafin. A wani babi, bayan ta kalli yadda ake harhaɗa jikin inji, ta zauna da ƙawarta a gidan cin abinci tana cewa wataƙila ita ta ainihi ta daɗe da mutuwa, abin da ya rage kwaikwayo ne da aka ɗora wa inji. Ta faɗi haka ne a tsakiyar hira, ba tare da maganar ta hana ta ci gaba da harkokinta ba. A ƙarshen littafin, bayan ta shiga matsalar shari'a kan wani kisa da ta yi a bakin aiki, ta haɗe da Puppet Master, wata halitta mai hankali da ta samu a cikin tekun bayanai ba tare da jiki ba. Jikin da abokin aikinta Batou ya samo mata bayan nan sai ya kasance na namiji, abin da littafin ya mayar abin dariya.

1995: an cire dariyar

A ranar 18 ga Nuwamba 1995 aka fitar da fim ɗin da kamfanin Production I.G ya shirya, Mamoru Oshii ya ba da umarni, Kazunori Ito ya rubuta, mai tsawon minti 80 da 'yan kai. Oshii ya ɗauki zaren Puppet Master kaɗai ya bar sauran. Ya cire tankokin nan masu surutu, ya cire saurayi da ƙawaye, ya cire barkwancin gaba ɗaya. Hiroyuki Okiura, wanda ya tsara kamannin mutanen fim ɗin, ya ba ta jikin babbar mace mai ƙarfi da fuska marar motsi, aka kuma rage mata ƙiftawar ido da gangan domin ta yi kama da 'yar tsana. Atsuko Tanaka ce ta ɗora mata murya, murya mai nauyi wadda ba ta ɗaguwa ko a tsakiyar harbi.

Maganar da ta yi wa ƙawarta a gidan cin abinci ta dawo a fim ɗin, amma an sauya mata wuri da nauyi. Yanzu Batou take gaya wa a cikin lifta, kuma ita ce ginshiƙin fim ɗin baki ɗaya. Oshii ya kewaye maganar da hotunan da ke ƙara mata ƙarfi. Akwai mai kwasar shara da aka dasa wa tunanin mata da 'ya waɗanda bai taɓa samu ba, Manjo tana kallon sa ta bayan gilashi ana gaya masa gaskiya. Akwai nutson da take yi a teku a lokacin hutunta, alhali jikinta mai nauyi ne da zai nutse har ƙasa idan na'urar da ke ɗago ta ta lalace. Akwai kuma doguwar tafiya a jirgin ruwa cikin birnin da aka zana bisa tsarin Hong Kong, ba magana sai kiɗan Kenji Kawai, inda ta ɗaga kai ta hango wata mace mai irin fuskarta sak a tagar wani gidan shan shayi. A cikin jirgin ruwan Batou ta bayyana cewa duk ranar da suka bar aiki sai sun mayar wa gwamnati jikinsu da abin da ke cikin ƙwaƙwalwarsu, abin da zai rage kuwa ba shi da yawa.

Abu ɗaya da Oshii bai taɓa ba shi ne iya aikinta. Ita ke ba da umarni, ita ke shiga gaba, kuma ita ce ta zaɓo Togusa daga 'yan sanda saboda kusan duk jikinsa na nama ne kuma yana da iyali, domin a ganinta runduna wadda kowa a cikinta iri ɗaya ne tana da rauni iri ɗaya. A faɗan ƙarshe ta hau kan tankar yaƙi tana ƙoƙarin ɓalle murfinta da hannu har hannayenta suka tsinke. Bayan haɗewarta da Puppet Master, jikin da Batou ya samo mata a kasuwar bayan fage na ƙaramar yarinya ne, kuma a wannan karon ba a yi dariya ba. Maaya Sakamoto ce ta ɗora muryar yarinyar, sunan da zai sake fitowa a gaba.

A sinimomin Japan fim ɗin bai yi wata kasuwar kirki ba. A waje ne ya yi suna, inda kaset ɗinsa ya hau matsayi na ɗaya a jerin cinikin bidiyo na mujallar Billboard ta Amurka a watan Agusta 1996. Sakamakon haka shi ne mafi yawan mutanen duniya wannan Manjo mai shiru suka fara sani, suka ɗauke ta a matsayin ta asali, ta littafin kuma ta zama baƙuwa a wurinsu.

2001 zuwa 2006: hanyoyi biyu

Shirow da Oshii duka sun bi ta zuwa bayan haɗewar, kuma a wurin kowannensu ta kusa ɓacewa. A littafi na biyu, Man-Machine Interface, wanda aka tattara a 2001, mai sunan Motoko Aramaki ce ke gaba, tana aiki da wani babban kamfani tana sarrafa jikkuna da yawa a wurare daban-daban, kuma ɗaya ce daga cikin halittun da haɗewar ta haifar. A fim ɗin Innocence na 2004, wanda ya shiga gasar bikin fina-finai na Cannes a Faransa, Batou ne jarumi, ita kuwa sai can kusa da ƙarshe ta ari jikin wata 'yar tsana ta taimaka masa ta koma.

Kenji Kamiyama ya bi wata hanya dabam. A Stand Alone Complex, fim mai dogon zango da ya fara a watan Oktoba 2002 da kashi 26, ya kafa labarin a 2030 a duniyar da Manjo ba ta taɓa gamuwa da Puppet Master ba. Da wannan shawara ya dawo da ita ofis. Kashi 26 ba za su ɗauki mace mai tsayuwa tana kallon ruwa ba, saboda haka ya ba ta bincike, da 'yan siyasa, da manyan jami'ai masu cin amana, da runduna wadda kowa a cikinta ke da aikinsa. Tankokin sun dawo da sunan Tachikoma. Tanaka ta ci gaba da ɗora murya, kuma an bar mata ɗan guntun zolaya, musamman tsakaninta da Batou, ko da yake bai kai na littafin ba.

A nan ne aka fi ganin ta a matsayin shugaba, har da kuskurenta. Da ta lura cewa Tachikoma sun fara mallakar ra'ayin kansu suna tambaya game da mutuwa, sai ta yanke hukuncin cewa ba su dace da makami ba, ta sa aka janye su daga aiki. Kusa da ƙarshen zangon, lokacin da gwamnati ta juya wa Sashe na 9 baya, uku daga cikinsu da suka rage suka dawo da kansu suka sadaukar da kai domin ceton Batou, ita kuma ta gane cewa abin da ta ɗauka lahani ne shi ne mafi daraja a tare da su. Kamiyama ya kuma ba ta agogon hannu wanda take riƙe da shi duk sauyin jikin da take yi, bai yi dogon bayani a kansa ba. Abin da 'yan kallo da yawa suka yi ƙorafi a kai a zangon farko shi ne tufafinta, waɗanda ba su yi kama da na jami'ar da ke shiga ofishin minista ba, kuma an gyara su sosai a zango na biyu.

Zango na biyu, 2nd GIG, ya zo a 2004 zuwa 2005 da wasu kashi 26, kuma shi ne ya fara buɗe ƙofar yarintarta. A kashi na 11 ta shiga wani shago da ke ajiye wa mutane kayan tunawa, ta tarar da jikin inji na yara biyu, mace da namiji. Mai shagon ta ba ta labarin hatsarin jirgin sama da yara biyu kaɗai suka tsira daga gare shi. Yaron ya shanye in ban da hannun hagu, da shi yake naɗe tsuntsayen takarda saboda yarinyar. Ita aka fara sa wa jikin inji, da ta zo tana lallashin sa ya yarda a yi masa, sai ya tambaye ta ko sabbin yatsunta za su iya naɗe tsuntsu, ta gwada ta kasa. Ba a fito fili an ce Manjo ce yarinyar ba, sai dai a ƙarshen kashin an nuna tsuntsun da ta naɗe da hannu ɗaya. Yaron kuwa shi ne Kuze, mutumin da ya zama jagoran 'yan gudun hijira, wanda rundunarta ke farauta. A fim ɗin Solid State Society na 2006 ta riga ta bar Sashe na 9 shekara biyu tana aiki ita kaɗai, Togusa yana riƙe da matsayinta.

2013 zuwa 2015: an mayar da ita ƙuruciya

Jerin fina-finan Arise ya fara fita a watan Yuni 2013, Kazuchika Kise yana babban darakta, Tow Ubukata yana rubutu. An kafa shi a 2027, kafin a kafa rundunar, aka sauya duka masu ɗora murya, Maaya Sakamoto ta karɓi Manjo. An rage mata tsawo, an sa mata jajayen kaya, an ba ta zafin rai. Sabon asalin da aka ba ta shi ne tun tana ciki hatsari ya rutsa da iyayenta, aka ceto ƙwaƙwalwarta aka sa a inji, don haka ba ta taɓa sanin jikin nama ba. Jikin nata kuma mallakar runduna ta 501 ce ta soja, abin da ya sa neman 'yancin kanta da neman runduna tata ta kanta suka zama abin da ke tura ta.

Wannan Manjo ana yaudarar ta. Ƙwayar cutar kwamfuta tana dasa mata tunanin ƙarya tun a kashi na farko, a kashi na uku kuma ta faɗa soyayya da wani mai gyaran gaɓoɓin inji wanda yake da hannu a laifin da take bincike. Batou da sauran mutanen da za su zama nata sun fara ne a matsayin abokan hamayya, sai da ta ja su ɗaya bayan ɗaya. An rufe wannan babi da fim a watan Yuni 2015. Ya samu masu yabo, amma bai kafu a zukatan 'yan kallo kamar na 1995 ko na Kamiyama ba, kuma da aka tashi ci gaba da labarin bayan shekaru, duniyar Kamiyama aka koma.

2017: ƙoƙarin Amurka

Fim ɗin Rupert Sanders na mutane ne, ba zane ba, amma ya shiga lamarin domin ya kai wata dabara ƙarshenta. Scarlett Johansson ta fito a matsayin Mira Killian, wadda wani kamfani ya ƙera wa jiki ya kuma shafe mata tarihi. Duk fim ɗin neman wannan tarihi ne, kuma a ƙarshe ta gano cewa ita yarinya ce Bajapaniya mai suna Motoko Kusanagi da aka sace, har ta samu mahaifiyarta. Sunan da yake na aro a 1989 ya zama sunan yanka. Tun kafin fitowar fim ɗin aka yi ta cece-kuce kan ba wa Baturiya wannan matsayi. An kashe kimanin dala miliyan 110 wajen shirya shi, ya tara kusan miliyan 170 a duniya, wanda ake lissafa shi a matsayin asara idan aka haɗa da kuɗin talla da kason gidajen sinima.

2020 zuwa 2024

SAC_2045 ya fito a Netflix a watan Afrilu 2020 da kashi 12, zango na biyu ya biyo baya a watan Mayu 2022. Kamiyama ya dawo tare da wani darakta mai suna Shinji Aramaki, aka yi zanen da kwamfuta, Ilya Kuvshinov ya ba Manjo fuska mai kama da ta budurwa. An soki zanen da cewa ya sandare, amma Tanaka da tsofaffin abokan aikinta sun dawo, kuma halin da aka sani tun 2002 bai sauya ba. Atsuko Tanaka ta rasu a ranar 20 ga Agusta 2024 tana da shekara 61, bayan kusan shekara 30 tana riƙe da wannan murya. A shekarar ne kuma aka sanar cewa kamfanin Science Saru zai yi sabon fim mai dogon zango domin 2026, kuma hotunan farko da aka nuna sun koma salon zanen Shirow.

Hukunci

Idan aka jera waɗannan gwaje-gwaje, abin da ya fara bayyana shi ne fuska ba ta taɓa zama abin da ke riƙe da Manjo ba. An tsufar da ita a 1995, an mayar da ita yarinya a 2013 da 2020, kuma a 2020 'yan kallo sun karɓe ta duk da ƙorafinsu kan zanen, saboda muryar da matsayinta a tsakanin mutanenta suna nan. Abin da ya yi aiki a hannun Oshii da Kamiyama, duk da nisan da ke tsakaninsu, shi ne sun bar ta a matsayin wadda ta fi kowa sanin aikinta, sannan suka sa shakkarta ta fito daga ƙarfin nan. Macen da za ta iya kutsa ƙwaƙwalwar kowa ita ce ta fi kowa sanin cewa tata ma ana iya kutsa ta, shi ya sa tsayuwarta a bayan gilashi tana kallon mai kwasar shara take da nauyi.

Abin da ya gaza, a ganina, shi ne ƙoƙarin bayyana ta ta hanyar rauni na baya. Arise ya yi haka da rabi, fim ɗin 2017 ya yi shi gaba ɗaya, kuma a duka biyun tambayar ta ƙanƙance. Ta littafi da ta 1995 suna tambayar ko akwai kurwa a cikin wannan jiki, da kuma abin da mutum zai iya zama idan ya bar iyakarsa, tambayar da ba wanda zai amsa musu. Ta 2017 tana tambayar wane ne ya cuce ta da kuma ina gidansu, wannan kuwa fayil ɗaya ya isa ya amsa. Labarin tsuntsayen takarda ya tsira daga wannan tarko ne saboda ya zo bayan fiye da kashi 30 da aka riga aka san ta da aikinta, daga bakin wata ya fito, kuma bai sauya ko ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen da ta yanke a kan Kuze a matsayinta na jami'a ba. Ina ganin adalci ne a ce Arise ya kawo abu ɗaya mai kyau, wato maganar jikin da hukuma ta mallaka, wadda Oshii ya taɓa a jimla kaɗan, amma ya ɓata ta da yawan nuna Manjo a matsayin wadda ake ruɗa.

Akwai kuma asarar da nasarar 1995 ta jawo, wadda ba a cika lissafa ta ba, kuma ita ce ta fi damuna. Oshii ya yi fim mai girma, amma tun daga ranar ba wanda ya sake barin Manjo ta yi dariya da dukan fuskarta. Kamiyama ya dawo da tankokin ya ɗora musu rahar, ita ya bar mata murmushin gefen baki. A littafin Shirow mace ɗaya ce take tsokanar shugabanta da safe, take jagorantar farmaki da rana, sannan ta zauna da ƙawarta tana tunanin ko ta riga ta mutu, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da ya hana sauran. Wannan ya fi wuyar rubutawa fiye da mace mai baƙin ciki ko mace mai taurin kai, kuma daga 1995 zuwa 2022 babu wani fim da ya gwada shi da gaske. Masu aikin Science Saru sun dawo da layin zanen Shirow, sai dai aikin nasu babu Tanaka a cikinsa, wadda muryarta ce ta haɗa Manjo ta Oshii da ta Kamiyama har 'yan kallo suka ɗauke su mutum ɗaya.